Yadda labarina ya faɗa hannun Malama

Malama ta ce in tsaya bayan an tashi aji.

Muna koyon haɗa manhaja ne a wata cibiya a Ƙofar Taramniya. A ɓoye nake adana labarin soyayyar Safiya da saurayinta da nake rubutawa cikin manhajata, ko Yaya Hadiza ban taɓa nuna wa ba. Ashe na rufe fayil ɗin labarin, na buɗe na aikin gida, amma manhajar ta ci gaba da rubutu ta tsohuwar hanya. Sai rabin babi ya faɗa cikin aikin da na miƙa.

Malama ta ce, "Ɗiyata, fayil in an rufe shi aka ci gaba da rubutu, ba wanda ya san inda rubutun za shi. Ko ya ɓace, ko manhaja ta tsaya, ko ya sauka wani wuri."

Na rufe fuska da hijabi, ina jiran faɗa.

Sai ta sassauta murya. "To ita Safiya, mi tac ce mai? Nan ya yanke."

Wallahi har da hawayena. Ban taɓa samun mai karatu ba sai yau.

Ku fa, wa ya fara karanta abin da kuke ɓoyewa?