Kwalba Mai Hoton Saniya

Samari, ku saurara, ba don labarin nan yana da daɗi ba. Ni haifaffen Kontagora ne. Mahaifina manomin masara ne, ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Ya sa ni a firamare, na gudu tun ban iya haɗa baƙi da wasali ba, wai ni kasuwa ta fi. Tir da wannan wayo!

Na fara dako a shagon wani mai sayar da maganin dabbobi da na feshin gona, Oga muke ce masa. A nan na ga yadda mutanen ruga ke sayayya. Ba sa faɗin sunan magani, tsohuwar kwalba suke kawowa su ce, "Irin wannan, mai hoton saniya, mai koren murfi." Oga ya ce in riƙa karɓe tsofaffin kwalaben. A bayan shago sai mu ɗauraye su, mu ɗiga magani kaɗan daga jarka, mu cike da ruwa, mu liƙe murfi. Ranar farko na yi ta waige-waige. Da na fara cin tsire kullum, na daina waigen.

Da na goge, ya ɗora ni a babur ina zaga kasuwannin Bangi da Rijau. Na sayi tabarau da farar riga. In ɗaga kwalba sama, in yamutsa fuska, in motsa leɓe kamar mai karatu, alhali rubutun da sawun kaji duk ɗaya ne a wurina. Har Likita suke ce mini. Wallahi in na tuna, yawu nake tofarwa.

A cikin masu saye akwai wani dattijo, Baffa Buba. Ɓarayi sun kore masa garke, 'yan shanu kaɗan suka rage, da nononsu gidansa ke ci. Duk ranar kasuwa sai ya riƙo mini man shanu, ya ce, "Ɗana, ni ba ni da ido, kai ne idona." Ni kuwa in karɓa ba kunya, in soya ƙwai da shi.

Wani mako Oga ya yi tafiya, kaya suka ƙare, ga Baffa ya ce in kawo masa maganin tsutsar ciki. Na shiga bayan shago na tarar da fararen jarkoki biyu, ruwan cikinsu kala ɗaya. Na zuba daga wadda ta fi kusa da ni. Ashe maganin kashe ciyawa ne.

Da hannunsa ya ɗura wa shanunsa, da bisimilla. Kafin kasuwa ta zagayo 'yan sanda sun kama ni, suka kai ni rugar. Ga shanu a kwance cikinsu ya kumbura, ƙudaje sun rufe su, wari ya sa na yi amai a kan farar rigata. Baffa bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Likita, ba ka karanta ba ne?" Na ce, "Ban iya ba, Baffa." Ita ce gaskiyar farko da na taɓa faɗa masa.

A kotu Oga ya zo da babbar riga yana ƙamshin turare. Ya ɗaga jarkar ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ga gargaɗi nan da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Ni na ce ya zuba?" Maganar cika kwalabe ma ya rantse bai san da ita ba. Ya koma gidansa, ni aka wuce da ni gidan yari.

Ba sai na ba ku labarin bokitin bayan gida da ƙwarƙwata da gabza, tuwon fursuna, ba. A ciki akwai wani fursuna, tsohon malamin makaranta, yana koyar da mu karatu da gawayi a kan siminti. Na zauna da gemuna ina maimaita abin da 'yan aji ɗaya suka wuce. Sai da haruffa suka fara yi mini magana na gane tun kafin a kulle ni a ɗaure nake. Oga na riƙe da igiyata, ni kuma ina riƙe da ta Baffa.

Da na fito na tuba, na koma gonar mahaifina. Wata rana a kasuwar Bangi na hango Baffa gaban rumfar magani, ya rame, yanzu shanun wani yake kiwo. Na durƙusa na roƙi gafara. Na ga kwalba a hannunsa, na ce, "Baffa, yanzu na iya da gaske. Kawo in karanta maka."

Ya janye ta zuwa ƙirjinsa. Ya ɗora yatsa a kan rubutun, a hankali, yana tuntuɓe, ya karanto sunan maganin da watan da zai lalace. Ashe ajin yaƙi da jahilci ya shiga. Ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma na daina aron ido."

Samari, ku zauna a aji, kada ku ci da jahilcin wani. Ni na tashi na kakkaɓe gwiwata, shi kuma ya sa kwalbarsa a aljihu ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.