Takardu Ɗari Biyar na Lallen Inna Sahura

Sahura ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko gidan biki ta je, kafin a gama gaisawa ta miƙe ta karɓi tsintsiya ko ta leƙa tukunya. Matan Anka sukan ce in kina da magana da ita, sai dai ki bi ta kina yi.

'Yar Yargalma ce, can aka haife ta, can ta yi aure. A shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyen ta hanyar dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, ta rasa ɗiyarta ta fari, yarinya 'yar shekara biyu. Bayan haka mijinta Mu'azu ya bar harkar dutse, suka dawo Anka, ya kama sayar da hatsi. Ita kuma ta koma sana'ar da ta gada wurin innarta, wato lalle. Takan sayi ganye wurin matan ƙauye, ta tsince ƙaya, ta shanya a inuwa don kada rana ta kashe masa ja, ta daka, ta tankaɗe har sau uku. Ba ta ƙara masa komai, kuma duk mai saye sai ta faɗa mata haka.

Shekarar korona azumi ya zo cikin kulle. An hana cin kasuwa, an rufe makarantu, ga buhunan lalle biyu da ta tanada don ƙaramar Sallah a ɗaki. Ƙanwarta Naja'atu, malamar firamare ce, ita ta kawo shawara.

"Yaya, kasuwa ta koma cikin waya. Ki ƙulla shi a leda, ki sa masa suna."

Suka je shagon Kamilu, wani magidanci mai buga katin biki da kwamfuta. Ya tsara musu 'yar takarda koriya mai hoton ganye, da rubutu: Lallen Inna Sahura, Anka, sai lambar wayarta a ƙasa. Naja'atu ta ɗauki hoto ta watsa a Wasap da Fesbuk. Sahura ba ta karanta boko sosai, amma saƙon murya bai gagare ta ba. Kafin azumi ya kai goma, kira na shigowa daga Gusau, Bukkuyum, Gummi, har Talata Mafara. Kullum da hantsi tana tasha da takunkumi a fuska, tana ba direbobi ƙulli.

Ranar ashirin da uku ga azumi tana tsakiyar tankaɗe wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ke ce Inna Sahura mai lalle? Ki ji tsoron Allah! Mi kika zuba ciki? Hannun ɗiyata duk ya tashi."

Sunanta Asabe, daga Gummi. A bakin wata maƙwabciya da ta taɓa saye a Anka ta samo lambar. Ta turo hoto: tafin hannun yarinya ya kumbura, ya yi bororo daidai inda aka zana fure.

Sahura ta ajiye rariya. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Ta kwance leda ɗaya ta shinshina, ta kwaɓa ta shafa a damtsenta, ta tsaya tana kallo. Babu abin da ya faru. Mu'azu ya ce ta bari a ga yadda hali zai yi, wataƙila jikin yarinyar ne bai karɓa ba.

"Malam, haka aka ce mana a Yargalma. A bari a gani."

Washegari da sassafe Mu'azu da kansa ya raka ta tasha.

Motar Gummi ta daɗe ba ta cika ba, ko da yake mutum kaɗan aka yarda a ɗauka. A hanya an tsayar da su a shinge wajen Nasarawa Burkullu ana duba masu takunkumi. Sahura ta yi ta kaɗa ƙafa har matar da ke gefenta ta tambaye ta ko lafiya.

A gidan Asabe ba a yi mata shimfiɗa ba. Aka kira yarinyar, Zaliha, 'yar shekara tara, ta fito hannu biyu a sama, an shafa mata maganin da aka rubuta a asibiti. Sahura ta durƙusa ta duba, ta yi mata sannu. Daga nan ta ce a ba ta ledar.

Takardarta ce, koriya, da ganyenta da sunanta. Amma garin da ke ciki baƙi-baƙi ne, yana warin rinin gashi. Ta fito da nata daga jaka ta ajiye kusa da shi.

"Hajiya, dubi wanga, dubi wanga. Wa ya sayar miki?"

Asabe ta buɗe waya ta nuna mata wani shafi a Fesbuk. Hotunan da Naja'atu ta ɗauka ne, har da turmin Sahura da gefen zanenta. An rubuta cewa sabon haɗi ne na Sallah, mai kamawa cikin minti goma. Lambar da ke kan ledar ba ta Sahura ba ce. Wani namiji ne ya amsa, inji Asabe, a tasha kuma ta karɓi saƙon.

Suka kira lambar. Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Sahura ta ce, "Ni ce Sahura ta Anka." Aka kashe. Ba ta sake shiga ba.

Asabe ta jawo tabarma ta ce, "Zauna, Inna, kin sha hanya da azumi." Sahura ba ta zauna ba, tana ta juya ledar a hannu. Injin Kamilu yana da wata matsala: duk takardar da ya buga sai ya bar siririn farin layi a gefen hagu. Ta sha yi masa ƙorafi a kai. Ga layin nan a kan ta jabun.

Daga tashar Anka ba ta bi ta gida ba. Ta iske Kamilu ya buɗe rabin ƙofar shago bayan la'asar. Ta ajiye masa ledar a kan tebur.

"Malam Kamilu, wa ka buga wa wannan?"

Ya duba, ya sake dubawa. "Ai wakilinki na Gusau ne, Inna."

"Ina da wakili ban sani ba?"

Ya lalubo saƙon a wayarsa. Mutumin ya rubuto cewa shi ke raba mata kaya, a canja lambar zuwa tasa don kada a dame ta da kira. Kamilu bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya buga, ya ba direba.

"Guda nawa?"

"Ɗari biyar."

Sahura ta yi lissafi a ranta. Ita duk azumin nan ba ta ƙulla ɗari uku ba. Kamilu ya yi ta rantsuwa, yana cewa aiki ya yi ƙaranci tun da aka hana taron biki, shi ya sa bai tsaya bincike ba. Ta ce, "Gidana bai kai tafiyar minti biyar daga nan ba." Ya sunkuyar da kai.

Naja'atu ta kai ƙarar shafin wurin Fesbuk ta cikin wayar, ta sa ƙawayenta malamai suka yi haka. Kwana uku shafin na nan, ana ta yabon kaya a ƙarƙashinsa. Mu'azu ya kai magana ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce za a bincika. Sahura ta ga Sallah saura kwana uku, kuma jajibirin Sallah ne mata ke ƙunshi. Ta karɓi wayar ta danna, ta yi magana da bakinta:

"Salamu alaikum, ni ce Sahura mai lalle ta Anka. Akwai na jabu da sunana yana yawo. Lallena kore ne, kuma sai ya jima kafin ya kama. In kika ga baƙi, ko aka ce miki minti goma, don Allah kada ki sa wa yaro. Ko nawa ne kina shakka, ki zubar."

Naja'atu ta ce jimlar ƙarshen za ta kashe mata kasuwa. Ta ce a tura haka.

Saƙon ya zaga. Masu shago biyu a Gusau suka ce kada ta ƙara aiko musu. Mata suka yi ta kira, wasu da zagi, wasu da tambaya, kowace ta amsa. An samu ƙarin yara huɗu da abin ya ƙona, biyu a Bukkuyum, biyu a Gusau. Wasu matan sun turo hoton ledar jabun da ba su kai ga buɗewa ba. Sauran takardun, ba wanda ya san inda suka shiga. Buhu ɗaya cur ya kwana a ɗakinta har bayan Sallah.

Daga baya ta bar takarda koriya. Kamilu ya buga mata fara, ya goge tsohuwar daga kwamfuta a gabanta, ya ƙi karɓar ladan aiki. A bayan kowace takarda takan dangwala babban yatsanta da kwaɓaɓɓen lalle. Naja'atu ta ce ai wannan ma mai son kwaikwaya zai kwaikwaya. Ta ce ta sani, amma ko ba komai zai sha wahala.

Ba a kama mutumin ba. An rufe shafin, da babbar Sallah wani shafin ya bayyana da sunan wata mai lalle ta Gusau, Sahura ta nemo lambarta ta kira ta ta gaya mata. Hannun Zaliha ya warke, sai ɗan tabo a wuyan hannu. Asabe ce yanzu ke karɓar lallen a Gummi tana raba wa matan unguwa hannu da hannu, kuma duk ƙullin da ya isa sai Sahura ta kira ta ji ko an buɗe an ga launinsa.