Gwangwani Goma da Ruwan Alwalar Iya

Ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata malamin kimiyya ya ce kowace ɗaliba ta tsara gwajinta da kanta. Mutum ne mai faɗa, kuma magana ɗaya yake nanatawa har muka haddace: abu ɗaya ake canzawa, sauran a bar su daidai wa daida, in ba haka ba zalunci aka yi, ba gwaji ba.

Ban sha wahalar zaɓe ba. Babana yana da lambu a Challawa, gadon mahaifinsa, kuma tun da aka kafa wani kamfanin jima a kusa, da ruwan magudanarsa yake ban ruwa da rani. Ruwa ne mai shuɗi-shuɗi, ga wari. Mutane sun fara cewa yana kashe ƙasa, Baba kuwa ya dage cewa taki ne. Ni dai so nake in wanke ubana, in rufe bakin masu surutu.

Na tara gwangwanin madara goma, na huda gindinsu, na cika su da ƙasa iri ɗaya, na shuka alayyafo. Biyar ruwan rijiya, biyar ruwan kamfani, kowanne ludayi ɗaya da safe. Don kada su cakuɗe, na jera na rijiya a tsakar gidanmu na Panshekara, na kamfani kuma na kai su lungun bayan ɗakin Iya, kakata, inda ba mai zuwa. Kullum kafin in tafi makaranta sai in auna tsayinsu da rula in rubuta.

Cikin sati uku na kamfani suka yi kore shar, suka tsere wa na rijiya. Na zana sakamakon a takarda mai gida-gida, jan layi na kamfani, shuɗi na rijiya. Baba bai yi boko ba, amma layi mai hawa sama ba ya buƙatar tafinta. Ya karɓi takardar ya kai majalisarsu ta ƙofar masallaci yana nuna wa kowa, yana cewa 'yarsa ta auna.

Ana saura kwana biyu mu gabatar da aiki a aji, na leƙa lungun da azahar, lokacin da ban saba zuwa ba. Sai ga Iya tsugune da butarta a kan gwangwanayena, tana wanke hannu zuwa gwiwar hannu.

"Iya! Me kike yi a nan?"

"Alwala mana. Ko ita ma bokon ya hana?"

"Tun yaushe?"

"Tun ran da kika ajiye su. Ludayi ɗaya fa kike ba su, 'yar nan, sai ka ce magani. Tsiro ma tasbihi yake yi. In zubar da ruwan alwala a banza, ga masu ƙishi a gabana?"

Sau biyar a rana ke nan suna shan ruwan rijiya, yana wanke musu na kamfani. Na yi fushi, na yi kuka, Iya ko a jikinta. Abin da ya fi damuna shi ne daga ni sai ita muka sani, kuma da na yi shiru ba mai ganewa. Kwana biyu ina kokawa da zuciyata, ran Litinin na gaya wa Malam.

Bai yi faɗa ba. Ya ce in sake, amma a barandar ɗakin gwaji, duka goman a layi ɗaya, ƙofa a kulle. Wannan karon na kamfani suka yi rawaya, bakin ganyensu ya ƙone, biyu suka mutu.

Na sami Baba a kan tabarma bayan la'asar, na durƙusa na gaya masa abin da Iya ta yi, na miƙa masa sabuwar takarda. Ya bi jan layin da yatsa har inda ya sunkuya.

"Wannan babu ruwan Iya a ciki?"

"Babu, Baba."

"Kin yi wa kowanne adalci?"

"Na yi."

Ya ajiye takardar, ya ce, "Ashe abin da nake ciyar da ku ke nan, nake kuma sayar wa bayin Allah."

Washegari ya ɗauki takardar ya koma majalisa, gaban mutanen da ya yi wa alfahari, ya ce ya janye maganarsa. Da rani ya zagayo bai shuka komai ba, don babu wani ruwan a kusa. Ya nemi aikin leburanci a kamfanin nan ɗin dai, yana ɗaukar jiƙaƙƙun fatu.

Malam ya manna zanena a bangon aji, ya ba ni makin da ya fi na kowa, amma ban taɓa jin daɗinsa ba. Har Baba ya rasu bai ce mini uffan a kan lambun ba. Ni ce dai, duk yammar da ya dawo da warin nan a rigarsa, nake riga kowa tashi in kai masa ruwa.