Da Wili Huɗu Muka Je Bagudo

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Birnin Kebbi, ni da abokina da ya yarda ya ja motar ya kuma riƙe mini agogo. Kekena na ɗaure a baya, wilinsa huɗu kuma na kwance a kujera, an lulluɓe su da bargo kamar marasa lafiya. Masu bibiyata sun sani, amma don sabbin zuwa: sauran mako uku in shiga gasar nan ta wasa uku a jere, iyo, sai tseren keke na kilomita casa'in, sai gudu. Bara na shiga, na fito daga ruwa lafiya, amma a keke na makara da minti huɗu kan lokacin da aka yanka. Aka tare ni a bakin layi, aka ce gasata ta ƙare. Wallahi har yau abin bai bar raina ba.

Shi ya sa na takura kaina na sayi wili biyu masu faɗin baki, irin waɗanda ke yanka iska su ƙara sauri. Sauran biyun su ne tsofaffina, sirara, masu shiga ko'ina. Jakar da zan shiga jirgi da ita kuwa wili biyu kawai take ɗauka. Matsalar masu faɗin ita ce iskar gefe, ga shi a bakin teku za a yi gasar, ni kuwa ba jiki ne da ni ba, abokina cewa yake in aka buɗe fanka sai an riƙe ni. Wani ya ce mini in ina neman iska irin ta teku, in je fadamar Bagudo a farkon damina.

Hanya da kyau a wasu wuraren, a wasu kuma sai ka rantse rijiyoyi aka fara haƙawa aka fasa. Mun tsaya mun sha koko da ƙosai mai zafi, mai ƙosan ta leƙa motar ta tambaya ko faifan tauraron ɗan'adam muke sayarwa. A wani shinge jami'i ya daɗe yana zagaya keken yana neman inda injin yake, da bai samu ba ya yi dariya ya ce mu wuce.

Mun shiga Bagudo da hantsi. Gari ne na shinkafa da kifi, kore shar ta ko'ina, mata na shanya shinkafar da suka turara a gefen titi. Kafin in sauka abokina ya miƙo mini jallabiya, ya ce, "Rufa mana asiri, kada ka fito da matsattsun kayan nan cikin mutane." Gaskiyarsa ce. Haka na riƙa yi duk zamanmu, wando mai sauka ƙasan gwiwa a kan keke, jallabiya a cikin gari. Da rana muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, kan ragon ruwa guda a kwanona, a kuɗin da a Birni ko jelarsa ba za a ba ka ba.

Muka auna kilomita talatin, daga bakin gari, a haye gadar kogin Kwara, a miƙe ta wajen Kaoje a dawo. Lissafina shi ne in zan tsira a gasar, dole in cinye wannan a ƙasa da awa ɗaya da kwata. Ranar farko bayan la'asar na sa siraran. Keke ya zauna daram, iska na bugu ina tafiyata, har ina ɗaga wa masunta hannu. Da na dawo abokina ya nuna mini agogo. Na wuce da minti ɗaya da rabi, wato bara ce za ta maimaita kanta.

Kashegari na sa masu faɗin. Kai jama'a! Kilomita goman farko ji na yi kamar ana tura ni daga baya, wilin na wani gurnani mai daɗi, yara na ihu a bakin hanya. Na fara tsara yadda zan ɗaga hannu a wurin gasa. Ina hawa gada sai iska ta taso daga kan ruwa ta kama wilin gaba, kan keken ya fizge kamar wani ne ya ja shi. Na daure na sauka gadar da kyar. Can gaba kaɗan wata babbar mota ta wuce, iskarta ta haɗu da ta kogi, ban san yadda aka yi ba sai ga ni a kwance cikin gonar shinkafa. Gwiwar hannu ta ɗaye, laka har cikin kunne. Manomin da ya ɗago ni yana ta sannu, yana kuma duban shukar da na kwantar masa. Ciwon bai dame ni ba kamar abin da na gane: in na sa sirara na makara, in na sa masu faɗi na faɗi. Ranar ko kifin ban iya ci ba.

Rana ta uku ta dace da cin kasuwar Lolo, abokina ya ce ko don in huce mu je. Hanya ce mai nisa, kuma tun daga nesa ka san kasuwa ake nufa: babura da jarkoki, amalanke, mata da ƙwarya, da masu kekuna ɗauke da kaya har ba ka ganin mutum sai ƙafafunsa. Lolo kuwa a bakin iyakar Benin take, nan za ka ji Hausa da Dendi da Fulatanci da ɗan Faransanci a rumfa ɗaya, ana ciniki da naira ana ba da canji da sefa. Muka sayi garin rogo da man ja da dogon burodin nan na ƙetare mai ƙarfi kamar icen girki.

Muna loda kaya wani dattijo ya jingine kekensa kusa da motarmu. Tsohon keke ne baƙi, a kariyar ɗaukar kaya ta baya an ɗaure tabarmi da asabari a tsaye, faɗinsu ya kai ƙyauren ɗaki. Ya ga wilin da ke kujera, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya dubi bandejin hannuna.

"Ɗana, wanga abu shi yak kashe ka ƙasa?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Iska ce a wajen gada."

"Gaba kas sa shi?"

"Gaba da baya. Ai tare ake sayar da su."

Ya yi dariya har sai da ya dafa motar. Ya ja ni wurin kekensa ya nuna mini gaban, babu komai sai buta da ƙullin goro. Ya ce tun yana saurayi yake kawo tabarmi kasuwar nan ta cikin fadama, kuma duk mai wannan sana'a ya san abu mai faɗi baya ake aza shi. "In iska ta bugi baya, nauyinka na bisa, ba ta iya maka komi. In ta bugi gaba, hannunka ta kama. Mu ba mu ba ta gaba."

Wata uku ina karance-karance a waya, ina kallon wilin nan kamar takalmi, dole ƙafa biyu su zama iri ɗaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa ana raba su ba. Na sayi tabarma ɗaya a wurinsa ban nemi ragi ba, ya yi mini addu'a ya tura kekensa cikin kasuwa.

Ban bari abokina ya gama cinikin albasa ba. Muka juyo, muka iso Bagudo bayan la'asar, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta fi ta jiya. Na ɗaura siriri a gaba, mai faɗi a baya. Keken ya yi wani bambaraƙwai, amma wa ya damu? Da na doshi gada na yi bisimilla na kwanta a kan hannun keken. Iska ta zo, na ji ta daki bayan, ya ɗan girgiza, gaban kuwa ko gezau. Na wuce gonar jiya, manomin na ciki, ya ɗaga fartanya yana mini kirari. Da na dawo ban ma tsaya sosai ba abokina ya taho da gudu yana ɗaga agogo: awa ɗaya da minti goma sha huɗu. Mu biyu, manya da mu, muka rungume juna a gefen titi muna ihu.

Washegari muka kamo hanyar gida, ruwan farko na binmu a baya, muka iso Birni kafin azahar. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san nawa ne aikin wilin a cikin mintunan nan ba, nawa ne na tsoron da ya sake ni. Abin da na sani shi ne na tafi da niyyar zaɓen biyu in bar biyu, ashe tambayar ce ban iya yi ba, kuma amsar na wurin mutanen da iska ke taɓa abincinsu kowane mako. Mai nauyin jiki, ko wanda zai yi tsere inda babu iska, ya sa masu faɗinsa biyu. Irina kuwa ya bar gabansa sakayau.

Na riga na rufe jaka, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Minti ɗaya ba wani abu ba ne, kuma teku ba Kwara ba ce. Amma shekara biyu ke nan ina fita gudu kowace safiya saboda zangon ƙarshe na gasar da ban taɓa taka ko taku ɗaya a cikinsa ba. Ku sa ni a addu'a, bana ina so in gaji da ƙafafuna.