Ka Fasa Kawai

Shekarar da na koyi fasa gilashi a bidiyo, ban bar komai ya zauna lafiya ba. A ɗan shagona da ke garin Garwa nake haɗa wa mutane bidiyon biki, aikin da muke kira montaj. Ango ya fito da babbar riga, in fasa shi. Tallar mai sayar da atamfa, in fasa ta. Sai in zaɓi inda dutse zai sauka, tsaga ta bazu kamar yanar gizo, ɓarɓashin ya zubo a hankali yana ƙyalli, hoto na gaba ya bayyana daga baya. Ƙarar ma tawa ce, kofin shayi na doka da siminti na naɗa a waya. Matasa suna so, ni kuma kaina ya kumbura.

Cikin wannan zazzaɓi 'yar goggona ta gama karatun jinya, aka sa ranar walima. Abokiyar wasana ce, ba ta shigowa shagon sai ta tambaye ni ko yau wa na kashe. Ta kawo hotuna tun na yarinta, ta ce in jera mata su a nuna wa dangi. Daga ƙarshe ta zaro ambulan daga jaka. Hoton mahaifinta ne.

Marigayin ɗan kasuwa ne, goro yake kaiwa Marwa, kuma bai yarda da hoto ba. Sau ɗaya ya zauna gaban kyamara, don katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, shi ma hukuma ce ta matsa. Wannan ƙwaya ɗayan Goggo ta adana a ƙasan akwatinta shekara da shekaru. 'Yar ta ɗauko ba da saninta ba. Na kwafe shi a kwamfuta, na jefa ambulan ɗin a jakata, na manta.

Ana saura kwana biyu na rubuta mata saƙo: hoton Baba fa, in sa shi a ƙarshe? Ta amsa: "Ka fasa kawai."

A baki, fasa tafiya da fasa kwalba ba sa haɗuwa, ɗaya ana jan sa, ɗaya gajere ne. A rubuce kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Ita ta sake tunani ne, ta ga Goggo ba za ta jure ganin mijinta a gaban jama'a ba, tana nufin in bar shi. Ni kuma mai sana'ar fasawa na karanta abin da na saba. Har daɗi na ji, na ce yarinya ta san aiki. Yini guda na ɓata a kansa. Na rage gudun faɗuwar, na ƙara haske a bakin kowane yanki. Ban taɓa yin mai kyawunsa ba.

Ranar walima, bayan la'asar, mata suka cika falo, na haɗa kwamfuta da talabijin. Ana dariya, ana gaya wa mai walima cikin Fulatanci cewa kanta ya fi jikinta tana ƙarama. Sai fuskar marigayin ta cika allon, da hularsa a karkace. Na ga Goggo ta gyara zama, ta ɗan miƙa wuya. Daƙiƙa huɗu na ba hoton. Tsagar ta fara daga goshi, ƙarar kofina ta tashi, fuskar ta zube.

Wata tsohuwa ta yi salati. 'Yar goggona ta juyo ta kalle ni, babu wasa ko kaɗan a idonta. Goggo ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗaka. Muna jin ta jawo akwati, tana zubar da zannuwa a ƙasa.

A nan na tuna da jakata. Na bi ta har ƙofar ɗakin, na durƙusa.

"Goggo, ga shi nan. Bai fashe ba, aikin na'ura ne kawai."

Ta karɓa, ta matsa kusa da taga. Ta bi goshin da babban yatsa, ta bi kumatun, ta juya bayan ta duba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na soma bayanin saƙon waya da kalma mai fuska biyu. Ba ta saurare ni ba. Ta naɗe hoton a gefen mayafinta, ta dube ni, ta dubi 'yarta da ke tsaye a bayana.

"Kun gama wasa da shi?" ta ce. "To ku je ku sallami baƙi."