Fuskar Inna a Wayar Kawu

Ranar kasuwar Jega ce, bayan an cire albasa, shekarar da na shiga aji huɗu. Kawu Sani, yayan mahaifiyata, ya dawo a kan babur da waya mai ɗaukar hoto, ta farko da ta taɓa shiga gidanmu a Kashin Zama. Muna tsakar gida muna ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, hannuwa duk wari, nan take muka watsar da aikin. Ya ɗauki akuya, ya ɗauki rijiya, ya ɗauki kakarmu tana zaginsa. Kowa ya fito dishi-dishi kamar ana leƙensa ta tsohon gidan sauro, mu kuwa sai tsalle muke, wai ga mu a cikin waya.

Sai ya kira Inna. Ta goge hannu a zane, ta gyara kallabi, ta tsaya jikin rumbu. Da ya bar ta haka da an rabu lafiya. Amma Kawu da neman magana, ya jawo ni ya manna a gefenta, alhali ya san ni ne ɗanta na fari. Ba ta kama sunana, "wancan yaron" take cewa, ba ta kallona a gaban mutane, tuwona dai kullum ya fi na kowa miya. Kakarmu ta ce, "Ke ɗiyar nan, tsaya wuri guda, ba ya cizo." Ina! Yana dannawa ta kau da kai tana dariya ta shige ɗaki. Hoton ya fito da ni tsaye ƙiƙam, baki buɗe, ita kuwa kallabi ne kawai da wani hazo a inda fuska take. Kawu ya ce za a sake wata rana. Damina biyu bayan nan ta rasu wajen haihuwa, ba a sake ba.

Na yi ta kwashe hoton nan daga waya zuwa waya har na girma. Wayar hannuna yanzu tana ɗauko ƙuda a kan tiren mahauci daga ƙetaren titi, kuma kullum ana cewa ta baɗi za ta fi. Bara wani mai gyaran waya a Aliero ya ce akwai manhaja mai wanke tsohon hoto, na ba shi da rawar jiki. Ta fito da mace kyakkyawa, fata sumul, babu tsagen kumatun Inna, babu wushiryarta. Na kai wa Kawu a Maiyama inda yake zaune yanzu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga dai ba ƙanwata ba ta."

A ranar na goge wankakken hoton, amma ya riga ya zauna mini a ka. Da can in na rufe ido nakan samo ko gefen fuskar Inna ne a bakin murhu. Yanzu baƙuwar nan ce take zuwa, tar da ita, ta tare wurin. Wallahi abin yana cin raina. 'Yata ta fara tambayar kamannin kakarta, ni kuma ban san me zan ce mata ba.