Ƙuri'un Bakin Dam a Kanvili

Kumasi zuwa Kintampo

Ranar Alhamis, ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar Asuba na ɗauki jakata na nufi tashar motocin arewa. Wasiƙar Sule ce ta tashe ni, ɗan ƙanwata, tela a Tamale. Ya ce ya tsaya takarar majalisar gunduma a unguwarsu, Kanvili. Soja ke mulki lokacin, zaɓen babu jam'iyya, kowa da sunansa da hotonsa, kuma yanki-yanki aka yi shi. Mu a Kumasi mun riga mun jefa tamu ƙuri'ar, arewa ba a zo kansu ba tukuna. Na ga zaɓe a Kano, na gani a Abijan, na ce bari in kai wa yaron nan abin da na sani.

Lorin katako muka samu, na zauna gaba. Kafin Techiman mun tsaya a shinge uku, kowanne sai an sauko an kwance buhuna. Direban Ba'asante ne, na ja shi da hira da yarensu na Tuwi, na tambaye shi wa suka zaɓa a garinsu.

"Kramo," in ji shi, haka suke kiran Musulmi, "wanda kakarsa ke kwance a ƙasar garin. Baƙo ko ya haɗiye littafi, baƙo ne."

Taya ta fashe bayan Techiman, sabuwa kuwa ba ta samuwa a shekarun nan, sai faci kan faci. Ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Kintampo. Na sauka a zango, unguwar baƙi irinmu, aka ba ni sakwara da miyar gyaɗa. Mai masaukina ya ce su ma haka za a yi: 'yan ƙasa su bi nasu, baƙin manoman doya su bi nasu. Na ce a raina, to, lissafin duk ɗaya ne.

Kintampo zuwa Tamale

Juma'a ƙarfe shida muka tashi, mil ɗari da ashirin ne a gabanmu. Muka haye gadar Buipe, muka haye ta Yapei. A nan na sayi kifi busasshe, na tambayi masuncin wa zai zaɓa. Ya ce shi ranar yana kan ruwa, in ɗan takara na so ya biyo shi da kwalekwale.

Ƙarfe biyu saura muka sauka tashar Aboabo a Tamale. Sule na jira da kekensa.

"Kawu, ka rame! Kumasi ba ta ba ka abinci ne?"

"Kai dai ɗauki jaka, mai girma ɗan majalisa."

Bayan La'asar ya kai ni bakin dam ɗin unguwarsu. Famfo ya daɗe da ƙafewa, a nan mata ke ɗiban ruwa, a nan kuma shanun Fulanin da ke rugage bayan unguwa ke sha. Abokin takararsa, wani malamin makaranta mai daɗin baki, ya yi alkawarin zagaye dam da waya. In aka yi haka Fulanin sai su tashi, don babu wani ruwa kusa.

Na tsuguna na zana masa unguwar a ƙasa: gidajen Dagomba 'yan ƙasa ga su birjik, mutanenmu na zango 'yan kaɗan, rugage biyar, su ma ba kowa ke da katin zaɓe ba.

"Ka gani? In an tambaye ka maganar waya, ka ce za a duba."

"Kawu, shekarar yunwa nonon da Inna Dija ke kawowa daga ruga ne ya riƙe mini yara. Da wane baki zan ce za a duba?"

"Da bakin mai son cin zaɓe."

Ya yi murmushi, ya share zanen da ƙafa.

Asabar, gindin mangwaro

Wannan tsari ya burge ni, ban gan shi a ko'ina ba. Babu ganga, babu rabon atamfa. Benci ɗaya aka ajiye a filin firamare, 'yan takara suka zauna gefe da gefe kamar masu jiran allura, duk mai tambaya ya miƙe. Malamin ya yi maganar waya da Dagbani, yaren Dagomba, ya ƙara da Turanci, samari suka yi ta tafi.

Sai wata tsohuwa ta sauke ƙwaryar nono ta matso. Ita ce Inna Dija.

"Sule, ni tambaya ɗaya ne. Saniya zai sha ruwa, ko ba zai sha ba?"

Na zuba masa ido. Bai dube ni ba.

"Za ta sha, Inna. Za mu haƙa mata kwami can ƙasan dam, mata su ɗiba ta sama. Amma ba zan kori kowa ba."

Babu wanda ya tafa. Dattawan Dagomba na kan kujerunsu, ko gira babu wanda ya ɗaga. Na ce a raina shi ke nan, yaro ya yar da kujerar.

Talata da Laraba

Talata tun ƙarfe bakwai layi ya miƙe, mata da goyo, tsofaffi da sanda, babu mai ture wani. Ƙarfe biyar aka zazzage akwati a gaban kowa, ana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya. Sule ya ci, da tazarar da zango da rugage ba za su iya ba shi ba ko sun haɗu har da jarirai.

Laraba da safe muka je gaishe da Mba Ziblim, dattijon unguwar. Muka tuɓe takalma muka durƙusa, yana gaisuwa muna amsawa "Naa, naa." Da 'yar Dagbanin da nake ji na ce masa ban gane ba, ai su dattawa ba su yi wa Sule tafi ba.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Alhaji, shanun nan na wa kake tsammani? Bafillace nono ne nasa, saniya tamu ce. Mu ba ma faɗin shanunmu a taro, ɗana ma bai san nawa ba. Yara sun yi tafi, sun dawo gida, mun yi magana."

A hanya na ce wa Sule, "Ashe ka sani."

"Kaɗan, Kawu. Ni ke ɗinka wa makiyaya rigunan Sallah, na san gidajen da ke aiko da yadi. Amma ko ban sani ba, abin da zan faɗa ke nan."

Komawa

Alhamis ƙarfe shida na hau mota, da kwalbar man shanu da Inna Dija ta aiko mini. A shingen Yapei soja ya buɗe ta ya sunsuna, ya mayar. Wannan karon taya ta yi mana mutunci, muka shiga Kumasi ana kiran Magariba.

Washegari a ƙofar masallaci abokai suka kewaye ni, wai in faɗa musu yadda mutanen arewa ke zaɓe. Na ce ban sani ba tukuna. Unguwa ɗaya na gani, ita ma sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sule da iyalinsa, da Mba Ziblim da bai yi mini dariya a gaban jama'a ba, ya bari sai a zaurensa.